Layi-layi da Muryar Kawu

Ɗan kawuna ya sa an goge kwamfutar mahaifinsa tun kafin a naɗe tabarmin zaman makoki. Shago ya kai ta, aka wanke duk abin da ke ciki, ya miƙa ta ga Islamiyyar unguwa wai sadaka ce ga mamaci. A cikin kwamfutar nan aikin Kawu yake, aikin da ya ƙare tsufansa a kai, wanda da shi nake rubutu, da shi nake ciyar da gidana. Bai tambaye ni ba. Ina zaune a ƙofar gida cikin masu karɓar gaisuwa ya wuce da ita ta gabana. Ni makaho ne, ban gani ba, waɗanda suka gani kuma ba su ga abin faɗa ba.

Na fara da wannan ne don in sauke shi daga wuyana, in samu in yi maganar da ta zaunar da ni. Maganar Kawu ce, yayan mahaifiyata. Na Allah ne, Allah ya karɓi abinsa. Ubangiji ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci, ya sa ya tarar da abin da ya yi mini yana jiransa a can.

An yi mutane. Layin gidansu ba shi da faɗi, sai da aka tare hanya aka shimfiɗa tabarmi har bakin kwata. Ni ina gefe, jingine da bango, hannuwa suna zuwa suna kama nawa. "Wushe, wushe," sannun Kanuri ke nan, "ya ƙarin haƙuri?" In ce da godiya. Bulama, mai unguwarsu, ya ce tun da ya hau bai taɓa jin an kawo ƙarar Kawu ba, shi ma bai taɓa kawo ta kowa ba. Goni, limamin masallacinsu, ya ce in ya waiga bayan sallama bai gan shi a sahun gaba ba, to ya san ba lafiya. Tsofaffin abokan aikinsa sun zo da sandunansu, ɗaya ya ce, "Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, don gaskiya ce. Daga cikin gida ina jiyo Inna, matarsa, tana ta maimaita wa mata cewa ko shayinsa bai ƙarasa ba. Wani maƙwabci kuma ya ce, "Allah sarki, tsoho da wasan kwamfutarsa. Ita ta ɗebe masa kewa bayan ritaya." Wasa fa ya ce. Na haɗiye, don ba wurin musu ba ne.

Can sai ga 'yan Kasuwar Shanu, mota guda, dillalai da mahauta. Ba wanda ya san su a dangi. Wani dattijon Shuwa a cikinsu, wanda bai taɓa zama da Kawu ba, ya durƙusa kusa da ni ya ce, "Mai muryar ne ya tafi?" Na ce shi ne. Ya daɗe bai saki hannuna ba. Dangi suka yi ta tambayar juna, wace murya kuma? To ga amsar, ga duk mai son ji.

Ni ban yi nisa a boko ba, a aji biyu na sakandare na tsaya. Cajin batir na koya, na buɗe ɗan shago a hanyar Konduga, ina da mata da yara biyu a lokacin. Wata rana da hantsi batirin babbar mota ya fashe mini a fuska. Asibiti sun yi iyakar yinsu. Na dawo gida na shige ɗaki, na zama mutumin da 'ya'yansa ma ke tsoron shiga wurinsa. Masu zuwa dubiya kowa da shawararsa, kuma duk shawarar in ka tace ta, bara a ƙofar masallaci take nuna mini.

Kawu bai zo da wuri ba, har na ƙullace shi. Ranar da ya zo kuma bai ce mini sannu ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kai, ɗakin nan wari yake. Yatsunka ma sun ƙone ne?"

Na ce a'a.

"Kunne fa?"

"Ina ji, Kawu."

"To tashi ka yi wanka. Gobe a kawo ka gidana."

A gidansa ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce yana saurayi, a wani ofishin gwamnati a GRA, ya yi aiki da wata na'ura da ba ta da allon kallo, sai madannai da takarda. In kana son sanin abin da ka rubuta, sai ka ce mata layi kaza, ta buga maka shi a takarda, shi kaɗai. Ya ce, "Mu ma a lokacin ba ma ganin shafi, a ka muke riƙe shi. Kai zamaninmu ka dawo, shi ke nan. Takardar ce za mu maye da murya."

Haka aka samu Layi-layi. Shi ya raɗa masa sunan. Manhajar rubutu ce, in ji masu ilimin abin, amma ba irin taku mai shafi a buɗe da 'yar kibiyar da ake bi da ido ba. Kowane layi da lambarsa. Ka buga lamba, ka buga harafi ɗaya. Bakwai da k, ya karanta maka layi na bakwai. Da s kake saka sabo a ƙarƙashinsa, da c ka canza, da g ka goge, da a ka ajiye. In ka buga abin da bai gane ba, babu dogon bayani, sai ya ce maka, "A'a." Kai za ka zauna ka gano inda ka kauce. Duk wanda ya san Kawu ya san inda abin ya gado wannan hali.

Da farko muryar Bature ce a ciki, irin wadda ake samu a kwamfuta. Turanci take ji. In ta kama Hausa sai ka ce mutum ne ya cika baki da garin rogo yana magana. Na ce, "Kawu, wannan karatu take yi ko zagina take?" Sai kawai ya shiga naɗar tasa muryar, gaɓa-gaɓa, ba, bi, bu, be, bo, har ya ƙure duk abin da bakin Bahaushe ke furtawa, ya ƙara da na Kanuri saboda sunayen mutane da garuruwa. Da hantsi yake yi, in yaran unguwa sun tafi makaranta. Ya rufe ƙofa, ya lulluɓa da bargo don kada ƙarar waje ta shiga, a zafin Maiduguri fa. Inna ta aika aka kira mahaifiyata, ta ce, "Zo ki ga yayanki, ya koma aji ɗaya a cikin bargo." Duk da bargon, akuyar maƙwabta ta samu shiga. Har yau in Layi-layi ya zo kan "gwa" akwai ɗan kukanta a baya. Na ce ya sake naɗa wannan, ya ce a bar ta, ita ma ta ba da gudummawarta.

Da hannuna ya faɗa, wani dillali, tsohon kwastomana, ya ba ni gefen rumfarsa a Kasuwar Shanu. Ina rubuta wa mutane yarjejeniyar ciniki, da takardar shaida cewa saniya ba ta sata ba ce, da koke zuwa ga hukuma. Yawancinsu ba sa karatun boko, a da sai dai su dangwala yatsa a kan abin da ba su sani ba. A wurina kuwa laftof ɗin da nake zuwa da shi a jaka ke karantawa a fili, layi bayan layi, mai saye yana ji, mai sayarwa yana ji. In wani ya ce ba haka muka yi ba, sai in ce wane layi, a koma a gyara a gaban kowa. A farkon zuwana wani makiyayi ya ji muryar, ya tuɓe takalmi ya yi sallama, ya ce a gaishe masa da dattijon da ke ciki. Daga nan mahauta suka liƙa mini suna Mai-tsoho-a-jaka. "Kai, Mai-tsoho, tashe shi mana, ciniki ya faɗa!"

Mutane suna zaton ya gina abin ne ya gama. Bai taɓa gamawa ba. Kowace Juma'a in an sauko masallaci, keke napep zai sauke ni a gidansa in zazzage masa ƙorafin mako. Ba ya karɓar labari. In na ce, "Kawu, jiya ya maƙale," sai ya ce, "Maƙalar da shi a gabana." In na kasa, ya ce in koma sai na iya. In kuwa na iya, sai in ji ya ja kujera yana cewa, "Yawwa, ɗan banza, na gan ka." Da matsalar yake, ba da ni ba. Sai ya buɗe asalin rubutun, wato rubutun da ake gina manhajar da shi, wanda ke cikin kwamfutarsa, ya gyara, ya zuba mini sabon a laftof ɗina. Inna ta kawo burabisko, mu ci, ya kore ni.

Ƙari kuwa sai ka yi da gaske kafin ka samu. Na roƙe shi abubuwa da dama. Tambayarsa ɗaya ce: "Duk abin da na ƙara yau, ni zan yi jinyarsa har in mutu. Buƙata ce ko sha'awa?" Yawanci sha'awa ce, sai in haƙura.

Sau ɗaya dai muka yi faɗa na gaske. Dattawan makiyaya ne suka taru a kaina tun safe har azahar, kowa yana faɗar nasa, ina rubuta musu koke a kan hanyar shanu da aka toshe. Na zo goge layi ɗaya, yatsana ya zame, na goge duka. A gabansu. Ban jira Juma'a ba, ranar na tafi gidansa da zafina.

Na ce, "Kawu, kowace kwamfuta a duniya tana da hanyar komawa baya, sai taka."

Ya ce, "Ni na hana ka tunani kafin ka danna?"

Na ce, "Kai kana da ido, shi ya sa kake faɗar haka."

Ya ce, "Fita mini daga gida."

Inna ta biyo ni har zaure tana ba ni haƙuri, ban tsaya ba. Na daina zuwa. Azumi ya shigo ya fita, ko gaisuwar sallah a bakin yara na aika. Bayan sallah ina rumfa sai na ji mahauta suna cewa, "Baba, bi a hankali, akwai kashin shanu." Sai ga ƙarar sandar Kawu. Ya zauna a benci ya ce, "Miƙo." Na miƙa masa laftof. Ya ɗan jima yana danne-danne, ya ce, "Rubuta wani abu. Goge. To buga m." Na buga, layin ya dawo. Ya ce, "Mayarwa ke nan. Taki ɗaya yake komawa. In ka yi kuskure biyu a jere, wannan halinka ne, ba nawa ba." Mahautan da suka gane muryarsa suka yi caa, wai yau tsoho ya fito daga jaka, aka kawo masa balangu ya ci har da neman ƙarin yaji. Ni ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai ba ni ba. Daga baya Inna ta faɗa mini cewa ranar da ya kore ni, ranar ya fara aikin.

Lokacin da garin nan ya yi dogon zama babu wutar lantarki, laftof ya riƙa mutuwa a tsakiyar aiki, rubutu ya bi iska. Kawu ya gyara yadda kowane layi da ya shiga zai ajiye kansa. Bai tsaya nan ba, ya ciro batirin solarsa, wanda ke juya masa fanka, ya ɗoro shi a keke ya kawo mini. Na ce ba zan karɓa ba, tsoho da zafin bazara. Ya ce, "Ina da mafici, ina da mata mai surutu, iska ba ta yanke mini ba." Sannan ya ce ni zan haɗa wayoyin da hannuna. Tun ranar da abin ya same ni ban ƙara taɓa batir ba, ko warinsa ba na son ji. Na ce a kira wani. Ya ce, "Duk kasuwar nan wa ya fi ka sanin batir? Jar wayar tana damanka." Ya tsaya a kaina, fuskarsa dab da tawa har ina jin numfashinsa. Da abin zai sake fashewa, da mu biyu zai samu. Na haɗa. Ya ce, "To," ya tafi abinsa.

Laftof ɗina ya tsufa. Murfinsa da salatif yake riƙe, fankarsa gurnani take. Mun taɓa gwada kwafe Layi-layi zuwa wani sabo a shago, ya buɗe amma ya ƙi magana. Kawu ya ce sababbin na'urori ba sa jin yarensa, sai ya sake gina wani sashe daga asalin rubutun. Yana da kwafi na biyu a filashi, ambaliyar da ta ci unguwarsu ta tafi da shi, kwamfutar ce kawai ta tsira don a saman kabad ya ɗora ta. Na yi ta masa magiya ya sake yin wani kwafin, yana cewa sai ya gama, ba ya ajiye rabin aiki. Taurin kan nan dai. Juma'ar ƙarshe da na je, a kwance na same shi. Ya ce, "Saura kaɗan. Shekaranjiya sabuwar na'urar ta ce 'layi', sai ta sarƙe." Ya yi dariya har tari ya kama shi. Kafin wata Juma'ar mun kai shi makwancinsa.

Bayan addu'ar uku na shiga cikin gida na ce wa Inna ina so in shiga ɗakinsa. Na lalubi teburin, ba komai sai shimfiɗa.

"Inna, ina kwamfutar?"

"Ai ɗan'uwanka ya fitar da ita sadaka, da riguna da darduma da buta. Ya ce yara su yi karatu da ita, lada ya riƙa isa ga babansa."

Haka ake yi, na sani. Kayan mamaci ba a barinsu su daɗe, ni ma an ba ni hula. Na sa aka kai ni Islamiyyar, shugaban makarantar ya raka ni har shagon da aka yi aikin. Mai shagon ya ce, "Alhajin da ya kawo ta cewa ya yi a share komai, sirrin mamaci ne, kada yara su buɗe su gani. Na share, na zuba sabo a kai. Wallahi Malam ba abin da zai dawo." Yanzu abin da ya rage a duniya na Layi-layi shi ne wanda ke cikin tsohon laftof ɗin nan da nake rubutu da shi. Duk ranar da laftof ɗin ya mutu, sana'ata ta mutu, muryar Kawu ta bi ta.

Zan faɗi gaskiya a kan ɗan Kawu. Ba mugu ba ne. Ƙanena ne a shekaru, ma'aikaci ne a Abuja, kuma ya yi wa mahaifinsa jinya yadda ya kamata. Abin da bai yi ba shi ne bai taɓa tambayar tsohon me yake yi a ɗakin nan ba. In ya zo hutu sai dai ya leƙa ya ce, "Baba, a huta mana."

Ana gobe zai koma ya zo gidana da la'asar, Inna ta riga ta faɗa masa. Ya shigo da wasan da ke tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, yana cewa, "Ina bawan nan nawa? Taubashi, an ce kana nemana da sanda." Ban amsa wasan ba. Ya ɗora mini kwali a cinya. Ya ce sabuwar waya ce mai magana, tana karanta komai, ta fi tsohon abin nan nesa ba kusa ba.

Na ce, "Zauna."

Ya zauna. Na jawo laftof na kunna, fankar ta yi gurnaninta. Na buga sunansa, ba na takardun makaranta ba, wanda Kawu kaɗai ke kiransa da shi tun yana yaro. Na buga ɗaya da k. Muryar ta kira shi.

Na ji kujerar ta motsa. Ya ce a hankali, "Baba ne?"

"Shi ne."

"Yaushe ya yi wannan?"

"Kana jami'a."

Ya ce, "Wallahi Yaya ban sani ba. Ni lada nake nema masa."

Na mayar masa da kwalinsa a hannu, na riƙe hannun ban saki ba. Na ce, "Na yarda ba ka sani ba. Amma ina zaune a ƙofar gida, ka tambayi Goni, ka tambayi Bulama, ka tambayi mai shago, ni ka tsallake ni kamar turmi. Lada kake nema masa? Gidan nan da kake zaune a ciki, da yaran da suka gaishe ka yanzu, duk abincinsu daga ɗakin nan ya fito. Ba na son wayarka. Kai ka san mutane a Abuja, ka nemo wanda zai iya fitar da mahaifinka daga wannan ruɓaɓɓen akwatin ya sa shi a sabo, tun fankar nan ba ta tsaya ba. Kuma laftof ɗin ba zai bar hannuna ba, inda za shi ni ma za ni, a motarka, kai za ka tuƙa. Ranar da Kawu ya yi magana a wata na'urar, ka dawo ka kira ni bawanka, zan amsa. Kafin nan, ni da kai sai gaisuwa."